Wasiƙa daga Houston, kan tambayarka game da ciyaman ɗinmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi.

Na ga saƙonka cewa mutanen unguwa suna matsa maka ka fito takarar kansila, har kana tambaya wane ne ciyaman ɗinmu a nan. To, mace ce. Sunanta Lina Hidalgo, kuma tun da na fara bin labarinta nake son in ba ka shi.

Houston tana cikin gundumar Harris a jihar Texas, gundumar da mutanenta suka haura miliyan huɗu da rabi, ita ce ta uku a yawan jama'a a duk Amurka. Shugaban gundumar ana kiransa alƙali, amma ba shari'a yake yi ba. Shi ke jagorantar majalisa mai mutum biyar, shi da kwamishinoni huɗu, su ke yanke kasafin kuɗi da harajin gidaje. Idan kuma masifa ta faɗo, shi ne shugaban agajin gaggawa.

An haife ta a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1991, iyayenta suka kawo ta Houston tana 'yar makaranta. Sai a 2013 ta zama 'yar ƙasa, shekarar da ta gama jami'ar Stanford. Ta yi aikin tafinta a asibiti, tsakanin likitoci da marasa lafiyar da ba sa jin Turanci. A 2018, tana da shekara 27, ba ta taɓa riƙe ko da ƙaramin muƙami ba, ta kayar da Ed Emmett na jam'iyyar Republican, dattijon da ya fi shekara goma a kujerar. Gaskiya guguwar jam'iyyarta ta Democrat ta taimake ta, don a lokacin mutum na iya dangwala wa jam'iyya sau ɗaya ya zaɓi 'yan takararta duka. Shi ya sa da yawa suka ce sa'a ce kawai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ruwa. Houston shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ruwan sama ba ya samun hanyar wucewa. Guguwar Harvey ta 2017 ta cinye gidaje ba adadi, sai jama'a suka amince a ci bashin dala biliyan 2.5 don gyaran magudanai. Kuɗin ya zo hannun majalisarta, tambayar ita ce ina za a fara. A da, ana auna darajar gidajen da za a ceto ne, ka ga unguwar masu kuɗi kullum ita ce gaba. A 2019 majalisar ta sauya ma'aunin, aka sa talaucin unguwa da yawan mutanen da ruwa ke cutarwa cikin lissafi. An yi ta ce-ce-ku-ce, aikin ma bai yi saurin da ake so ba, amma ni a nan ta samu girmana.

Daga nan ba ta huta ba: korona a 2020, sanyin Fabrairun 2021 da ya kashe wuta da ruwa. A 2022 da ƙyar ta sake cin zaɓe. A 2023 ta fito fili ta ce tana fama da ciwon damuwa, ta ɗauki hutu ta je jinya, ta dawo ofis. Tana da zafin kai, takan yi sa-in-sa har da 'yan jam'iyyarta a zaman majalisa, ba zan ɓoye maka wannan ba.

Tunda Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ina ganin kujerar kansila ta cancanci irinka. Idan ka yanke shawarar fitowa, ka fara da kwatar nan ta bayan masallaci da ke shiga gidajen mutane duk damina. Ka aiko min da hotonta in ga yadda take yanzu.

Ka gaida Hajiya da yara, da duk 'yan majalisarmu ta ƙofar gida.

Naka har kullum,
Amininka na Houston