Koken Mutanen Fadama Ga Mai Martaba Sarkin Haɗejia Kan Kachalla Da Tsargiya

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka ne, masunta da manoma da makiyaya na ƙauyukan fadama a ƙasar Guri da Kiri Kasamma. Mun biyo ta hannun dagatai da hakimanmu, da izininsu muka kawo kuka gaban uba.

Ranka ya daɗe, dattawanmu sun san wani kogi daban da wanda muke gani yau. A da ruwa kan zo da damina ya malale fadama, da rani ya janye, a shuka a kan danshi, ƙasa ta sha rana ta bushe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwan ya daina bin lokacinsa. Yana tafe rani da damina, kaɗan-kaɗan, ba ya janyewa. Abin da kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ke so ke nan. Ta tsiro ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa. Inda kwalekwale ke wucewa a da, yau sai an sa lauje. Ba mu ce madatsun ba su amfani mutane ba, Kano na sha daga gare su, ana noman rani da su. Amma wahalar a kanmu ta sauka.

Asarar gona da tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikin kachalla su faɗa wa gero da safe, duk mun san Sarki ya ji labarinsu. Abin da ya fi ci mana rai shi ne lafiyar 'ya'yanmu. Ruwan da ya kwanta cikin kachalla gidan sauro ne, zazzaɓi ba ya ƙarewa da ƙarewar damina. Cikinsa kuma ƙananan dodon koɗi ke hayayyafa, su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Yaro zai tsuguna bayan danga, ɗigon ƙarshe na fitsarinsa ja wur, ya tashi ya rufe da ƙasa don kada uwarsa ta gani. Wasu iyayen ma cewa suke alamar balaga ce. Ma'aikatan lafiya sun faɗa mana cuta ce mai shanye jini, in ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda, matan da ke wanki a bakin ruwa kuma ba su tsira ba.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A Sanagal, bayan gina madatsar Diama a 1986, tsargiya ta ɓarke a garin Richard-Toll cikin 'yan shekaru. A Gana ma ta yaɗu a ƙauyukan bakin Tafkin Volta bayan madatsar Akosombo.

Ana raba ƙwayar praziquantel, maganin tsargiya, a makarantu, mun gode. Sai dai yaron da ya sha yau, gobe cikin ruwan zai koma, don can ne wanka, can ne kamun kifi, can ne hanyar gona. Almajirai da yaran makiyaya da manyan masunta kuwa rabon ba ya isa gare su. Mun sha yin gayya, maza a ruwa har ƙirji, matsattsaku na kama ƙafa, mu sare kachalla da lauje da adda. Bayan 'yan watanni ta dawo, masu aikin kuma su fito da ciwo.

Don haka muke roƙon Sarki ya kai maganarmu gaban gwamnati da masu kula da madatsun. A kawo injin yankan kachalla, a yashe hanyoyin ruwan da suka toshe, a kuma zauna da mu kan lokacin sakin ruwa, don fadama ta riƙa samun watannin bushewa kamar da. A haƙa mana rijiyoyin burtsatse, mata da yara su daina shiga kogi don ɗibar ruwa. Rabon magani kuma ya kai tsangayu da rugage da mashigin kwalekwale. In Sarki ya umarci limamai su yi bayani ranar Juma'a cewa fitsarin jini ciwo ne mai magani, jama'a za su ji.

Duk ranar da aka kira gayya, za mu fito da ƙarfinmu da kwalekwalenmu.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
mutanen ƙauyukan fadama na Guri da Kiri Kasamma.