Kafin a tambayi layin da ya fi arha, a tambayi wanda ke kamawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan gardamar da ba ta ƙarewa a majalisu da tashoshin mota: tsakanin MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wadda ta koma T2 a 2025, wane layi ya fi? Sana'ata POS ce. A Gumel nake zaune, ina kuma bin kasuwannin mako na yankinmu, har da ta Maigatari ranar Alhamis. Abincina a kan sabis yake. Abin da na lura shi ne masu wannan gardama sun fi duba farashi, gigabait nawa a naira nawa. Wannan lissafin mutanen birni ne, waɗanda kowane layi ke kamawa har cikin ɗakinsu.

Kowane kamfani yana da abin da aka san shi da shi. MTN tun 2001 yake aiki, yau fiye da rabin layukan ƙasar nan nasa ne, kuma shi aka fi sani da kaiwa lungu. Airtel na bi masa. Dattawa na tuna shi da sunayen Econet da Vmobile da Celtel da Zain kafin ya tsaya a sunansa na yanzu a 2010. Glo kuwa, dole a yi masa adalci. Kafin zuwansa a 2003, minti guda naira 50 ne, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Shi ya kawo cajin kira da daƙiƙa, sauran suka bi ba don suna so ba, kuma har gobe da arhar data ake ambatonsa. Na huɗun, wato 9mobile, ya shigo a 2008 da sunan Etisalat, ya yi tashe a wurin matasa, yanzu masu riƙe da shi sun ragu ƙwarai.

Ba zan kama sunan layukan da ke cikin na'urata ba, domin wanda ke yi mini aiki a Gumel shi ne wani ke kuka da shi a Haɗeja. Amma ga abin da ke faruwa ranar kasuwa. An gama ciniki, dillali ya yi sallama, mai sa yana riƙe da igiya yana jira. Mai saye ya miƙo mini katinsa, na saka, na'ura ta hau juyi. Can sai saƙo ya shigo wayarsa cewa an cire kuɗi, ni kuwa takardata ta fito da cewa bai shiga ba. "Malam, kuɗina fa?" Me zan ce masa? Kuɗin ba su wurina, ba su wurinsa, sai banki ya mayar bayan kwanaki. Shi mai san daga ƙauye ya taso, motarsu za ta tashi kafin magariba. A irin wannan sa'a babu wanda ke tuna cewa datar layin ta fi arha.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne a lokacin sandunan sabis a cike suke a fuskar waya. Cikarsu na nufin kana kusa da ƙarfen sabis ne kawai. Ƙarfen da aka kafa don mutanen gari, ranar Alhamis dubban baƙi ne ke hawa kansa lokaci guda, sai hanyar ta cushe. Ga kuma matsalar bakin iyaka: ka ɗan matsa arewa, waya ta tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar, a ci kuɗin wayarka da farashin wanda ya fita ƙasar waje alhali ƙafarka na Najeriya.

Shi ya sa kusan duk ɗan kasuwar da na sani yana da layi biyu, wasu uku. A nan ne zancen arha ke rushewa. Layi biyu data biyu ke nan duk wata. Ɗayan na ko-ta-kwana ne, sau da yawa wa'adinsa ke ƙarewa ba a ci rabinsa ba. Garaɓasar da ake talla kuma, wani kasonta na tsakar dare ne, lokacin da ba kasuwa ba ciniki. Wato mutumin karkara, wanda sabis ɗinsa ya fi rauni, shi ke biya sau biyu. Kuma layi biyun ma ba kullum suke fisshe ka ba, domin ƙarafa da yawa na kamfanonin haya ne irin su IHS, layuka daban-daban na rataye a kan guda. In man janareta ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, ko masu aikin titi suka datse wayar ƙarƙashin ƙasa, tare za su ɗauke.

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi ninki. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Hujjarsu tsadar dizal da faɗuwar naira, kuma ban musa ba, ni ma mai nake saya. An ce ƙarin zai zo da ingancin aiki. To, mun biya namu, saura nasu.

Roƙona ga NCC biyu ne. Sakamakon awon ingancin sabis a riƙa fitar da shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo, kuma a yi awon ranar kasuwa, ba ranar da gari ya watse ba. Na biyun shi ne wanda ya fi damuna. A 2025 hukumar ta amince masu layin 9mobile su riƙa hawa kan sabis ɗin MTN, ke nan abin mai yiwuwa ne. Me zai hana a wajabta haka a duk ƙauyen da layi ɗaya tak ke kamawa, kamfanonin su raba kuɗin a tsakaninsu? Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sabis inda babu riba. Wakilanmu a majalisa su tambayi rugage da ƙauyuka nawa na Jigawa suka amfana.

Ga 'yan'uwa masu karatu kuma, kafin ka sayi layi ka tambayi mai POS ko mai cajin waya na wurin da kake kwana da wurin da kake neman abinci. Ka fara da ƙaramar data ka gwada. In layinka ya gaza, tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da lambarka ba tare da ta canja ba. In ka kai kuka ga kamfani bai share maka hawaye ba, ka riƙe lambar ƙorafin da suka ba ka, ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Naku,
Wani mai sana'ar POS,
Gumel, Jihar Jigawa