Wasiƙar Barka da Sallah Daga Birmingham

Zuwa ga mahaifina Baba, da Inna, da dukan mutanen gida a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana. Mun yi Idi a filin Small Heath cikin taro mai yawa, amma hankalina yana Fakon Idi, ina tuna isowar Sarkin Musulmi.

Baba, akwai wani abokin aikina mabiyin addinin Sikh, wanda tun farkon watan azumi yake riƙe mini aikina idan magariba ta yi don in sha ruwa in yi salla, ba tare da na roƙe shi ba. Da ya gayyace ni cin abinci a wurin ibadarsu da ke Smethwick, kusa da nan Birmingham, sai da na yi jinkiri na tambayi limaminmu, shi kuma ya karanta mini aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba.

Abin da na tarar suna kiransa langar. Kullum ana girki, kuma duk wanda ya shigo ana zuba masa ba tare da an tambayi addininsa ba, attajiri da mabaraci suna zaune a ƙasa sahu ɗaya. Ba sa saka nama, domin kowa ya iya ci. Al'adar ta samo asali tun zamanin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, wanda kuma aka haifa a 1469 a yankin Punjab. Nan take na tuna Inna, wadda ba ta taɓa sauke tukunya ba sai ta ware kwanon almajirai.

Aƙidarmu daban ce, kuma ban ɓoye wa abokin aikin nawa haka ba. Sai dai na ji kunya, domin ciyarwar da yawancinmu kan tuna da ita a Ramadan kaɗai, su sun mai da ita aikin kowace rana.

Saboda haka ina roƙon Inna, idan an rarraba tuwon Sallah, a kai wa maƙwabcinmu Kirista mai shagon magani, a cika masa kwano sosai. Kuɗin goron Sallar yara na aiko ta hannun Yaya. A sa ni cikin addu'a.

Ɗanku mai biyayya.