Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya riƙe kuɗin fim ɗin kyamarata wata bakwai

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, na kawo maganar nan bainar jama'a ne saboda jiya na kira lambar ofishinku sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Sunan kamfaninku ban ambata ba, kun dai san kanku.

Ranar 22 ga Afrilu na biya ku kafin alƙalami na naira 1,400,000, a kan za ku shigar mini da odar kwali biyu na fim ɗin ɗaukar hoto baƙi-da-fari, samfurin HP5 Plus, mai girman inci 12 da 20, falle 25 a kowane kwali. Rasit ɗinku yana hannuna, da hatiminku a kai. Kafin in biya sai da na zauna da ma'aikacinku na yi masa bayani dalla-dalla, cewa wannan fim ba a samunsa a kan kanta. Yawancin abin da ya haura inci 8 da 10 sai an yanka shi musamman, kuma masana'antar Ilford mai yin sa, da ke Mobberley a Ingila, sau ɗaya take buɗe ƙofar irin wannan oda a shekara, na 'yan makonni, ta hannun dilolinta. Ta tara odar duniya, ta yanka, ta aika bayan wasu watanni. Wanda ƙofar ta rufe bai shiga ba, sai baɗi. Ma'aikacinku ya ce ya fahimta, kuna da dila a can, in kwantar da hankalina.

Cikin Mayu na tambaya, aka ce an shigar. Na nemi takardar shaida daga dilan, aka ce za a turo ta WhatsApp. Ba a turo ba. Duk tsawon damina amsa ɗaya ce, "kaya suna hanya", wani lokaci a ce kwastan, wani lokaci a ce Alhaji ya yi tafiya. Ban ma riƙe yawan zuwan da na yi ba.

Na ranar Talata 11 ga Nuwamba kam na riƙe. Ƙarfe 11:40 na safe na shiga ofishin manajan sashen saye, na zauna minti 50 kafin ya ɗago kai. Da na matsa masa, sai ya ce odar "ba ta samu shiga ba". Na ce tun yaushe kuka sani? Ya yi shiru. Daga nan ya sa yaro ya shigo da wani kwali na fim ɗin asibiti, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ya tura mini a kan tebur ya ce, "Malam, ai fim fim ne. Wa ma yake wahalar da kansa da wannan a zamanin waya?" Wasu ma'aikata biyu da ke wurin suka yi dariya.

Yallaɓai, bari in amsa masa a nan tunda a can baƙin ciki ya hana ni. Kwalin da ya miƙo mini inci 14 da 17 ne. Gidan fim ɗin kyamarata inci 20 ne a tsawo, ke nan ya gaza da inci uku, ya kuma wuce da biyu a faɗi. Fim ɗin asibiti maganinsa mai kama hoto yana fuska biyu, da ya jiƙe a wurin wanki ko farce ya taɓa shi ya karce. Ba ya kuma ganin launin ja, jar dara a kan dattijo baƙa ƙirin za ta fito. Akwai masu koyo da shi saboda arha, ban raina su ba, ni ma da shi na fara. Amma ba shi na biya ba.

Irin kyamarar da nake riƙe da ita, tun farkon ƙarni na 20 aka ƙera ta don ɗaukar dogon layin mutane a hoto ɗaya, kowa fuskarsa ta fito sarai. Ba a faɗaɗa hotonta da inji, nagatif ɗin ake shimfiɗawa a kan takarda kai tsaye, girmansa shi ne girman hoton. Niyyata in ɗauki dattawan majalisar unguwarmu su goma sha ɗaya a jere a kan dakalin da suka shekara da shekaru suna zama. Na sanar da su, sun amince, har akwai wanda ya ce zai ɗinka sabuwar riga. A Satumba Allah Ya yi wa ɗaya daga cikinsu rasuwa. Ban ce ku kuka jawo ba, ajali ne. Amma da kun faɗa mini gaskiya a Mayu, da na bi ta wani dilan kafin ƙofa ta rufe, ko in nemi mai ragowar kwali a firjinsa in saya.

Abin da nake nema shi ne ku mayar mini da kuɗina cikin kwana 14, a kan darajar fam ɗin Ingila da za su saya ranar da na biya, domin da fam za a sake yin odar. Ku kuma rubuta mini a takarda ranar da kuka san odar ba ta shiga ba, da inda kuɗina suka kwana wata bakwai. Wannan ta biyun ta fi damuna. Tun da na fara ba da labarin nan, mutum biyu masu sana'ar hoto sun same ni da rasit irin nawa, ɗaya na takardar wanke hoto, ɗaya na gilashin kyamara, su ma "kaya suna hanya". Zargina shi ne kuna karɓar kuɗin odar da ba ku da niyyar shigarwa, kuna juya su a kasuwancinku, kun kuma zaɓi mu masu neman kayan da ba a cika sani ba saboda kun ɗauka ba mai jin kukanmu.

Idan kwana 14 suka cika ban ji daga gare ku ba, mu ukun za mu kai rasitanmu hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Wassalam.

Mai ɗaukar hoto,
Kano