Gwamna ne ke riƙe da kuɗin kotun da za ta taka masa burki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani ɓangare na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 wanda ba a cika tattauna shi ba, domin duk lokacin da aka zo batun raba iko tsakanin rassan gwamnati, hankalin jama'a Abuja yake komawa, alhali ɓarnar ta fi tsanani a jihohi.

Sashe na 4 na kundin ya ba majalisun dokoki ikon yin doka, sashe na 5 ya damƙa wa shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, sashe na 6 kuma ya ba kotuna ikon yanke hukunci. An yi haka ne don kowane reshe ya iya hana ɗan'uwansa wuce gona da iri. Amma reshen da ba ya iya taɓa kuɗinsa sai da sa hannun wani, da wuya ya fito fili ya gaya wa wancan cewa ya saɓa doka.

Albashin alƙalan manyan kotunan jihohi yana fitowa ne daga asusun tarayya ta hannun hukumar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, wato NJC. Sai dai gina kotuna da gyaransu, da motoci da kayan aiki, da albashin majistare da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na ƙasa da ma'aikatansu, duk suna wuyan jiha. Waɗannan ƙananan kotuna kuwa su ne talaka ya sani. Can ake kai rikicin gona da rabon gado da bashi da mutuwar aure, kuma mafi yawan mutanenmu za su ƙare rayuwarsu ba su taɓa leƙa Kotun Ɗaukaka Ƙara ba, balle Kotun Ƙoli. Idan rufin irin wannan kotu yana yoyo, ko magatakarda ya yi watanni ba a biya shi haƙƙinsa ba, mai ƙara ne ke ɗaukar nauyin, ta hanyar ɗage zama a kai a kai da kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba.

Sashe na 121(3) ya tanadi a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ga shugabannin kotuna. A 2018 aka yi wa sashen gyara har ya haɗa da majalisun dokokin jihohi, amma gwamnoni da yawa suka yi biris. Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020 don a riƙa cire kuɗin daga kason jihohi tun kafin ya bar asusun tarayya, sai jihohi suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a watan Fabrairun 2022 ta ce shugaban ƙasa ya wuce huruminsa. A ganina hukuncin daidai ne, domin ba a gyara saɓa doka da wata saɓa dokar, amma ya bar matsalar inda take. Kafin nan, a 2021, ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta rufe kotunan ƙasar nan kimanin wata biyu kan wannan batu, masu jiran shari'a suka ci gaba da zama a gidajen yari. A watan Maris na 2023 aka sake gyara kundin don ƙarfafa tanadin, duk da haka har yau ana jin koke daga jihohi.

Ba a kuɗi kaɗai abin ya tsaya ba. Gwamna ne ke naɗa babban alƙalin jiha bisa shawarar NJC da amincewar majalisar jiha, kuma sashe na 292 ya ba shi damar cire shi idan kashi 2 cikin 3 na 'yan majalisar suka nemi haka. A jihar da majalisa ba ta taɓa ƙin buƙatar gwamna ba, wannan sharaɗi ba kariya ba ne. Abin da ya rage shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 a shari'ar babbar alƙaliyar jihar Kwara, Raliat Elelu-Habeeb, inda kotun ta ce ba a cire babban alƙali sai NJC ta fara bincikar zargin. Kotu ce ta toshe wannan ƙofa, kuma ya kamata a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a cikin kundin.

Saboda haka ina kira ga jaridarku da ta sa wakilanta na jihohi su binciko nawa aka ware wa ɓangaren shari'a da majalisa a kasafin bana, nawa aka saki, kuma ta hannun wa kuɗin suka bi. Ina kuma kira ga reshen ƙungiyar lauyoyi na kowace jiha da ya kai ƙara duk inda aka ƙi bin sashe na 121(3), tunda tanadi ne na kundin tsarin mulki wanda kowane gwamna ya rantse zai kare ranar da ya hau mulki.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya, jihar Kaduna