Bajon tashi ɗari ya shigo hannuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun nan naka ya yi yawa. Tun da aka ƙara maka girma ka daina sanin talakawa, ko? To ni ba zan iya jiran ka huce ba, don labari ne a bakina tun makon jiya, kuma duk gidan nan babu wanda zai gane daɗinsa. Amma kafin nan, fitilata mai shuɗin haske da ka ara za ka haska bajojin sojan da kake tarawa, ka tafi da ita ne ko ka bar ta wurin ƙanenka? Na tambaye shi ya ce bai taɓa ganin ta ba, yana faɗa yana dariya.

Bajon nan dai ya samu. Wanda na dame ka da zancensa, na matuƙan RF-4C, jirgin leƙen asirin Amurka, da suka cika tashi 100 a kan Biyetnam ta Arewa lokacin yaƙin Biyetnam. Siffar garkuwa, ja da fari da shuɗi, sunan jirgin a jiki. Mai sayarwar ya jefa shi cikin tarin tarkacen da bai san darajarsu ba, hoton ma duhu-duhu, sai da na ƙura ido na hango gefensa a ƙarƙashin wasu.

Na san abin da za ka ce: ai irinsa sun cika intanet. Sun cika, amma ka juya bayan wannan ka gani. Bakinsa yankakke ne da almakashi, babu kaurin kalmasar nan da injin ɗinki na Merrow yake yi. Ba roba a bayan, ba Velcro (ƙyallen nan mai maƙalewa), sai wani siririn ƙyalle mai raga-raga da ya koma ruwan ƙasa. Zaren ya tafi yadda hannun tela ya ja shi a kan keke, wani wuri cunkus, wani wuri har kana hango yadin ƙasa. Sifilin biyu na 100 ɗin ma ba girmansu ɗaya ba, na ƙarshen ya ɗan kwanta kamar mai jin barci. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne gefen: ga hudojin allura a jere, ga guntayen koren zare guda uku makale a ciki, inda aka farke shi daga jikin riga. Wani ya sa wannan abu a kafaɗarsa.

Aikin Tailan ne, ko shakka ba na yi, shi ya sa zuciyata ta tafi sansanin Udon da ke ƙasar. Can ne babbar runduna ta 432 ta sojan saman Amurka ta zauna daga 1966, da ƙananan rundunoninta na leƙen asiri, ta 11 da ta 14. A lokacin, wanda ya cika tashi ɗari a kan Biyetnam ta Arewa ya gama wa'adinsa, sai gida. An dakatar da ruwan bama-bamai a Arewa a Nuwamban 1968, to ka ga tazarar shekarun da irin wannan bajo ya fi fitowa ba ta da faɗi. Kuma ka tuna aikin mutanen nan. Su biyu ne a jirgin, ba bindiga, ba makami mai linzami, sai kyamarori a hanci. Sau da yawa bayan an gama kai hari ake tura su ɗauko hoton ɓarnar, wato lokacin da duk mai bindigar kakkaɓo jirgi a ƙasa ya farka, ya kuma san ta inda za su ɓullo. A yi wannan sau ɗari! Shi ya sa kirarinsu na "su kaɗai, ba makami, ba tsoro" ba ya ba ni dariya kamar yadda yake ba ka.

Af, ka ji abin da dogon nan mai tara bajo irinmu ya yi? Ya kwashe kayansa kaf, har da na fata mai fenti na zamanin yaƙin duniya na biyu, ya manna su da gam a jikin katako ya rataye a falo, daidai inda rana take dukan bango. Wai don baƙi su gani. Ja ya fara komawa fari-fari. Na yi masa magana ya ce hassada ce. Yanzu kuma wai ya koma tara agogo, matarsa ta ce gara bajon, su ba sa ƙara da tsakar dare.

To ga abin da ke hana ni barci. Masu jabu sun waye. Suna da tsofaffin kekunan, suna da tsohon yadi, su jiƙa a ruwan shayi, su shanya, har su karkatar da harafi da gangan don sun san abin da muke nema ke nan. Na ciro ɗan silin zare daga wani saƙo da ya saki a baya na kai shi bakin ashana: ya ci wuta ya zama toka, bai dunƙule ya yi ƙwallo irin na nailan ba. Wannan ya kwantar mini da hankali rabi. Saura haske. Farin zaren zamani yakan ɗau ido a ƙarƙashin shuɗiyar fitila saboda sinadarin da ake sa masa, tsoho kuwa yakan yi shiru. Ko da yake shi ma ba hujja ba ce yankakkiya, don wanki ɗaya da sabulun gari ya isa ya sa na gaske ya yi ta walƙiya. Duk da haka ina so in gani da idona, kai kuma ka riƙe mini kaya.

Kada ka ce in tambayi masana a intanet. Ka sa hoto ɗaya, mutum goma su ba ka hukunci goma sha ɗaya.

Da na ce jabu sai na tuna bajonka ɗin nan mai hoton baƙar mage. Har yanzu kana nan a kan bakanka cewa na runduna ta 35 ne ta Taiwan, masu tuƙa jirgin leƙen asiri U-2 daga Taoyuwan tsakanin 1961 da 1974? Malam, bayansa roba ce sumul. Ka tuna akwai wasu masu laƙabin baƙaƙen maguna a Osan ta Koriya ta Kudu, runduna ta 5 ta Amurka, su ma U-2 suke tuƙawa, kuma nasu bai kai wancan tsufa ba. Ban ce komai ba, na dai tuna maka. Ni kaina na haƙura da neman bajon habu, macijin Okinawa ta Japan da aka laƙaba wa jirgin leƙen asiri SR-71 sunansa a sansanin Kadena da ke can. Jirage 32 kacal aka ƙera, bajon kuma sai wanda ya yi tashin aiki na gaske ake ba, amma waɗanda ke yawo a kasuwa yau sun isa a raba wa gari guda.

Autana ya fara sa ido a akwatin bajojina. Jiya na same shi ya jera su a ƙasa bisa launi, ya haɗa na rundunar leƙen asiri ta 1 ta Amurka, wadda asalinta ya koma 1913, da wani na kulob ɗin ƙwallo. Na sayi kwaɗo na kulle akwatin.

Zan aiko maka hoton gaba da baya, ka duba hudojin allurar da kyau ka faɗa mini gaskiya, ba irin gaskiyarka ta ranar nan ba. Ka gaida uwargida, ka ce mata har yanzu ina bin ta bashin amsa. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
abokinka