Kan Jirgi Ɗaya Tak Da Ya Rage Cikin 935

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan kawunan jirgin ƙasa masu aiki da kwal da ake kira Austerity 2-8-0 (lambar tana nuna tsarin ƙafafunsu: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, babu ko ɗaya a baya), waɗanda Birtaniya ta ƙera don Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniya Robert Riddles ne ya tsara su, aka ƙera 935 tsakanin 1943 da 1945, ba kwalliya, an tsuke bakin aljihu wajen ƙarfe, don jigilar kayan yaƙi kawai.

Bayan yaƙi Birtaniya ta riƙe 733, amma zuwa 1967 duk an ajiye su, aka yanyanka a matsayin gwangwan. Wallahi abin yana ci mini rai.

Guda ɗaya ya tsira cikin 935 ɗin, shi ma ta wata hanya, don ba ya cikin waɗanda Birtaniya ta riƙe. An sayar da shi Holan, daga can ya wuce Suwidin, inda aka killace shi saboda ko-ta-kwana. A 1973 masu aikin sa kai na layin dogon Keighley da Worth Valley, mai adana tsofaffin jiragen ƙasa, suka dawo da shi Ingila, suka gyara shi da guminsu, ya sake tayar da hayaƙi a 2007 da lamba 90733.

Don Allah ku kawo mana cikakken labarinsa da hotuna.

Naku,
Mai karatu daga Zariya